Tashin Gwauron Zabi Da Faɗuwar Baƙar Tasa: Hasashen Da Ke Ɓoye Cikin Labaran Kasuwa

Duk wanda ya san Kasuwar Gudu da ke Abuja, Babban Birnin Tarayya, ya san cewa yawancin kayan da ke jibge a shagunanta, kama daga batir da taya da birki da injinan mota na gwanjo har zuwa kayan wutar lantarki, sai da suka ƙetaro teku kafin su iso. Ko da a Ladipo ta Legas ko a Nnewi ɗan kasuwa ya saro su, Dalar Amurka ce ta yanke farashinsu tun daga tushe. Wannan ne ya sa farashin canji ya zama labarin farko da mai shago yake nema da safe, a rediyo ko a jarida ko a wayarsa ta hannu, tun kafin ya buɗe ƙofar shagonsa. Abin lura a nan shi ne, ba safai labarin yake zuwa masa da adadi tsura ba. Sau da yawa yakan zo ne sanye da riga: yau a ce Dala ta yi tashin gwauron zabi, gobe a ce Naira ta durƙushe, jibi a ce ta farfaɗo, gata kuma a ce ta yi faɗuwar baƙar tasa.

An saba ɗaukar irin waɗannan kalamai a matsayin gishirin magana kawai, wato abin da ɗan jarida yake barbaɗawa don kada labarin lissafi ya yi lami. Amma in aka duba da kyau, za a ga cewa kowane ɗaya daga cikinsu aiki biyu yake yi a lokaci guda. Yana bayyana abin da ya faru jiya, sa'an nan a ɓoye yana nuna abin da zai faru gobe. Majinyacin da aka ce ya farfaɗo, ana sa ran ya ci gaba da samun sauƙi har ya miƙe. Wanda aka ce ya durƙushe kuwa, saura ƙiris a ce ya kwanta. Aikin farko labari ne, yana da hujjar da za a iya bincikawa. Na biyun kuwa hasashe ne da babu wanda ya sa masa hannu, babu kuma wanda za a tuhuma in bai tabbata ba. Wannan hasashe na ɓoye shi ne yake shiga aljihun mai jari, don haka ya cancanci a yi masa duban tsanaki.

Abin da ya faru da Naira a farkon shekarar 2024 ya isa misali. A ranar 14 ga watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canjinsa wuri guda, ya janye hannu daga tsayar da farashi, aka ce an bar kasuwa ta yi halinta. Dalar da hukuma take sayarwa a kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 700 cikin 'yan makonni. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta wuce Naira 1,500 a kasuwar hukuma, a kasuwar bayan fage kuwa, a wurin 'yan canji na Wuse Zone 4 a Abuja da na Wapa a Kano, ta doshi Naira 1,900. Daga nan sai al'amari ya juya. Zuwa tsakiyar watan Afrilu Dala ta sauko kusa da Naira 1,100, har bankin nan na Amurka, Goldman Sachs, ya bayyana Naira da cewa babu kuɗin wata ƙasa da ya kai ta samun ƙarfi a wannan wata. Ba a yi wata guda ba, a cikin Mayu, Dala ta sake komawa wajen Naira 1,500, kamfanin labarai na Bloomberg kuma ya ba da rahoton cewa Naira ta koma ta ƙarshe a jerin kuɗaɗen duniya.

Alal misali, a ƙaddara 'yan kasuwa biyu ne a Gudu, kowannensu yana bukatar Dala 10,000 don biyan kayan da zai yi oda nan da wata uku. Na farko ya ji a watan Fabrairu cewa Dala ta yi tashin gwauron zabi, ya hango ta a sararin sama tana ƙara nisa, ya ji tsoron kada ta kai Naira 2,500, sai ya yi gaggawar saye a kan Naira 1,850. Ya biya Naira miliyan 18 da rabi a kan abin da zai iya samu a kan Naira miliyan 11 bayan wata biyu. Na biyu ya yi haƙuri har Afrilu, Dala tana Naira 1,100, amma da ya ji cewa Naira ta farfaɗo tana ta bai wa Dala kashi, sai ya ce bari ya jira ta ƙarasa warkewa ta kai Naira 800. Da lokacin biya ya yi a watan Mayu, sai ya sayi Dalarsa a kan Naira 1,500, wato ƙarin Naira miliyan 4 a kan abin da ya ƙi saye. Adadin da aka ba kowannensu gaskiya ne. Hoton da aka naɗe adadin a ciki shi ne ya gaya wa ɗaya ya ruga, ya gaya wa ɗayan ya zauna.

Da a ce labarin ya tsaya a kan dalili, da mai karatu ya samu abin aunawa. Ƙarfin da Naira ta samu a Maris da Afrilu na 2024 yana da sanadi sananne. Babban Banki a ƙarƙashin Gwamna Olayemi Cardoso ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 cikin 100 zuwa 22.75 a Fabrairu, sa'an nan zuwa 24.75 a Maris. Ya ba da sanarwar biyan basussukan canji da suka taru a kansa, ya kuma koma sayar wa 'yan canji masu lasisi Dala kai tsaye. Yawan kuɗin ruwa ya jawo masu jari na ƙetare suka shigo da Dala don sayen takardun lamuni na gajeren lokaci. Irin wannan kuɗi baƙo ne, yana shigowa da sauri, yana fita da sauri. Ɗan kasuwar da aka yi wa wannan bayani zai tambayi kansa ko man fetur da sauran kayan da ƙasar take fitarwa sun ƙaru, ko kuwa Dalar aro ce ta cika kasuwa. Kalmar farfaɗowa ba ta ba shi damar yin wannan tambaya, domin ta riga ta gaya masa cewa cuta ta wuce.

Masana adabin Hausa, musamman Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, sun daɗe da rarrabe nau'o'in adon harshe. Akwai kamantawa, akwai siffantawa, akwai kuma jinsintarwa wadda ta kasu zuwa mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa, wato a ɗauki halin mutum ko na dabba ko na wani abu maras rai a ɗora wa abin da ba shi da wannan hali. Abin mamaki, wannan rabe-rabe da aka yi don nazarin waƙa shi ne kusan abin da wasu masana a Amurka suka gwada a kan labaran kasuwar hannun jari. A shekarar 2007 Farfesa Michael Morris na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani bincike inda aka nuna wa mutane yadda farashi ya motsa a rana guda, tare da sharhi iri daban-daban. Waɗanda aka ba sharhin da ya siffanta kasuwa da abu mai rai da niyya, kamar a ce ta hau ko ta yunƙura, sun fi zaton cewa gobe ma haka za ta ci gaba. Waɗanda aka siffanta musu ita da abu maras rai, ko aka ba su bayani ba tare da ado ba, ba su kai su wannan zato ba.

Har wa yau binciken ya bi diddigin sharhin da gidan talabijin na CNBC yake yi bayan tashi daga kasuwa, ya gano cewa masu sharhi sun fi mutunta kasuwa a ranar da farashi ya hau, a ranar da ya sauka kuwa sun fi mai da ita abu maras rai. Ma'anar wannan tana da girma ga mai jari. Hawa yana zuwa masa a matsayin nufi da ƙuduri, abin da zai ɗore, sauka kuwa tana zuwa masa a matsayin tuntuɓe. A wannan shekara ta 2007 wani masani, Paul Tetlock, ya nazarci wani shafi na yau da kullum na jaridar Wall Street Journal daga 1984 zuwa 1999, ya ga cewa in kalaman yanke ƙauna suka yi yawa a shafin, farashi yakan ɗan sauka washegari, sa'an nan ya dawo cikin 'yan kwanaki. Dawowar tana nuna cewa kalaman ba wani sabon bayani suka kawo game da darajar kamfanoni ba, zukata kawai suka girgiza. Wanda ya sayar a cikin kwanakin girgizar shi ne ya biya kuɗin kalaman.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan darasi da tsada a kasuwarta ta hannun jari. A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ba da umurni cewa tilas kowane banki ya ɗaga jarinsa daga Naira miliyan dubu 2 zuwa Naira miliyan dubu 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, suka kuma yi ta fitowa suna sayar wa jama'a hannun jari. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da 'yan fansho, waɗanda da yawansu ba su taɓa mallakar hannun jari ba, suka yi ta cika takardun saye a rassan bankuna. A shekarar 2007 kaɗai ma'aunin Kasuwar Hannun Jari ta Nijeriya ya ƙaru da fiye da kashi 70 cikin 100. Jaridun Turanci na lokacin, bisa al'adar da suka gada daga Landan da New York, suna kiran hawan kasuwa da sunan bijimin sa, rahotanninsu kuwa cike suke da labarin yadda bijimai suka mamaye fili. Bijimi ƙarfi gare shi, gaba yake sa wa, kuma mai hankali ba ya tare masa hanya. Mutumin da yake karanta wannan kullum, da wuya ya tsaya ya tambayi ribar da kamfani ya ci a bara, balle ya gwada ta da farashin da ake nema ya biya.

A ranar 5 ga watan Maris na 2008 ma'aunin ya kai maki 66,371, darajar kasuwar baki ɗaya kuma ta kai kimanin Naira tiriliyan 12.6. Daga nan aka fara gangara. Sunan da masu sharhi da dillalai suka fi ba wannan gangara a watannin farko shi ne gyara, wato kasuwa tana ɗan gyara kanta. Kalma ce mai sanyaya rai, domin abin da ake gyarawa ai ƙara kyau yake yi, mai haƙuri kuma shi zai ci moriya. A watan Agusta na wannan shekara hukumomin kasuwar suka hana farashin kowane hannun jari sauka da fiye da kashi 1 cikin 100 a rana, matakin da aka janye a Oktoba bayan da ya bar masu son sayarwa ba mai saye. Shekara ta ƙare ma'aunin yana wajen maki 31,450, zuwa Maris na 2009 kuwa ya faɗo ƙasa da maki 20,000, wato asarar kusan kashi 70 cikin 100 a shekara guda. Waɗanda suka fi jin jiki su ne waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari, aka riƙe hannun jarin a matsayin jingina. Darajar jinginar ta narke, bashin da kuɗin ruwansa kuwa suna nan daram.

Ƙarshen wannan gyara sananne ne. A ranar 14 ga watan Agusta na 2009 sabon Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu Naira miliyan dubu 420, kuɗin ceton da daga baya ya kai Naira miliyan dubu 620 bayan an ƙara wasu bankunan. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta sayi munanan basussuka. Ma'aunin kasuwar kuwa bai sake taka matsayinsa na Maris 2008 ba sai a ƙarshen watan Agusta na 2023, bayan fiye da shekara 15. Ko a lokacin ma dawowar ta adadi ce kawai. A Maris 2008 Dala tana wajen Naira 117, don haka Naira miliyan ɗaya ta kai kimanin Dala 8,500. A Agusta 2023 Dala tana wajen Naira 770 a kasuwar hukuma, Naira miliyan ɗaya ba ta wuce Dala 1,300 ba. Ga ɗan kasuwar da hajarsa take bin Dala, wannan shi ne lissafin da ya shafe shi, ko da an haɗa masa da rabon ribar da ya karɓa a tsawon shekarun.

'Yan damfara sun fi kowa sanin ƙarfin suna. Tun farkon shekarun 1990, lokacin da Umana Umana ya tara kuɗin jama'a a Fatakwal da alkawarin riba mai ninki, jaridu suka laƙaba wa irin waɗannan wurare sunan bankunan al'ajabi. Da gatse aka faɗa, amma kalmar banki ta zauna a kunnen jama'a, alhali wuraren ba su da lasisin banki, ba kuma wata sana'a suke yi da kuɗin ba. Tsarin MMM na Sergei Mavrodi, ɗan ƙasar Rasha, da ya yaɗu a Nijeriya a 2016, ya zo da harshen taimakon juna: mutum yana ba da taimako, sa'an nan ya karɓi taimako. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauke shi kamar adashi. A adashi kuwa abin da kowa ya zuba shi yake kwasa, babu ƙari. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, wanda a lissafi yake nufin Naira 100,000 za ta zama fiye da Naira miliyan 2.3 a shekara guda, ta haura Naira miliyan 54 a shekara biyu. Babu shago a Gudu, ko masana'anta a Kano, da ke juya kuɗi haka. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mahalarta, daga baya Hukumar Inshorar Ajiyar Banki, NDIC, ta ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar Naira miliyan dubu 18. A watan Afrilu na 2025 tsarin CBEX ya rushe ta wannan hanya, shi kuma da sunan na'ura mai basira yake tallan kansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma sai an ba wahalar suna mai daɗi kafin mutane su bi layi.

Wani lokaci ma adadin hukuma ne ake yi wa ado har ma'anarsa ta juye. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da hauhawar farashi ta watan Disamba 2024 a kan kashi 34.80 cikin 100, ta Janairu 2025 kuma a kan kashi 24.48. Mai karatun da aka ce masa hauhawar farashi ta rikito zai zaci kaya sun yi araha a wata guda. Abin da ya faru shi ne hukumar ta sabunta ma'auninta, ta mai da shekarar da ake gwadawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake jerin kayan da take lissafawa da nauyin kowannensu. Bugu da ƙari, ko da ba a taɓa ma'auni ba, raguwar hauhawar farashi ba ta nufin saukar farashi. Kashi 24 yana nufin kayan da aka saya Naira 100,000 bara sun koma Naira 124,000 bana. Mai shagon da ya karya farashin hajarsa saboda ya ji an ce tsada ta faɗi, zai je sari ya tarar uwar kuɗinsa ba ta isa ta mayar masa da abin da ya sayar ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba adon harshe ne ya karya kasuwar 2008 ba. Bashin sayen hannun jari, da raunin sa ido, da ficewar masu jari na ƙetare sakamakon rikicin kuɗi na duniya, da faɗuwar farashin ɗanyen mai daga kimanin Dala 147 a Yuli zuwa ƙasa da Dala 40 a Disamba, su ne manyan dalilai. Haka kuma ba zai yiwu a yi maganar kuɗi ba tare da siffantawa ba. Bahaushe ya kira jari uwar kuɗi saboda ana sa ran ta haihu, yana zuba jari kamar yadda ake zuba iri ko ruwa, ɗan kasuwar da ya yi asara kuma an ce ya karye. Tun a 1980 George Lakoff da Mark Johnson suka nuna a wani littafinsu cewa da irin waɗannan hotuna ɗan Adam yake tunani a kan abubuwan da ido ba ya gani. Saboda haka neman a raba labarin kasuwa da siffantawa ɓata lokaci ne. Abin da ake iya nema shi ne kada hoto ya zauna a kujerar hujja. Tsohuwar siffantawa irin ta uwar kuɗi ba ta cutar da kowa, domin ba ta ce a saya ko a sayar yau ba. Mai haɗari ita ce wadda take nuna alkibla da gaggawa a daidai lokacin da mutum yake riƙe da kuɗinsa yana shawara.

A nan nauyi na farko yana wuyan 'yan jarida, musamman masu aiki da Hausa. Yawancin labaran tattalin arziki da Turanci ake fara rubuta su, da adonsu, sa'an nan mai fassara ya ɗora nasa adon a kai. Sauyin kashi 2 cikin 100 da marubucin farko ya kira zamewa, yana iya isa ga mai sauraro a Gudu ko Kantin Kwari a matsayin faɗuwar baƙar tasa. Kamata ya yi ɗakunan labarai su ɗauki ƙa'ida cewa duk inda aka ce wani abu ya hau ko ya sauka, a faɗi daga nawa zuwa nawa, cikin kwana nawa, a wace kasuwa, ta hukuma ko ta bayan fage. Manyan kalamai irin su durƙushewa da tashin gwauron zabi a adana su don manyan al'amura, domin in aka kashe su a kan motsin kowace rana, ranar da babban abu ya faru ba sauran kalmar da za ta farkar da jama'a. In kuwa akwai hasashe, a fito da shi fili a jingina shi ga mai shi, da sunansa da muƙaminsa, a kuma bayyana in dillali ne da ke cin kamasho a kan ciniki. Sa'an nan kada a ara wa wurin da ba shi da rajista sunan banki ko kamfanin zuba jari, ko da da wasa ne.

Nauyi na biyu na mai jari ne, domin kuɗinsa ne. Duk labarin kasuwa da ya motsa masa zuciya, ya dace ya tuɓe masa riga ya sake faɗinsa da adadi zalla, ya ga ko har yanzu yana da ban tsoro ko ban sha'awa. Ya tambayi dalilin motsin, ya kuma auna ko dalilin mai ɗorewa ne ko na ɗan lokaci. Ya jarraba juya hoton: in an ce kasuwa tana hawa, ya ce an hura ta, ya ga ko shawararsa za ta canza. In ta canza alhali adadi bai canza ba, to hoton yake bi. Mai shigo da kaya wanda ya san zai bukaci Dala nan da wata uku yana iya raba sayenta kashi uku ko huɗu, ta yadda ba rana ɗaya ce za ta yanke masa hukunci ba. A misalin da ya gabata, wanda ya sayi kashi ɗaya bisa uku a kan Naira 1,850, da 1,100, da 1,500, ya tashi a kan kimanin Naira 1,480, bai kuma bukaci sanin gaibu ba. Kada a ci bashi don sayen abin da farashinsa yake rawa. Kafin a miƙa kuɗi ga kowane mai alkawarin riba, a bincika rajistarsa a Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari, SEC, wadda hedkwatarta take nan Abuja. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin tsarin MMM, amma hukuncin da aka yanke wa ɗan damfara ba ya mayar wa mai shago da jarinsa.

Abin sha'awa shi ne ɗan kasuwar Gudu ya riga ya mallaki wannan hali a cikin sana'arsa. In aka kawo masa injin gwanjo aka ce lafiyayye ne kamar doki, ba ya biya sai ya kira makanike an buɗe, an duba mai, an tayar an ji ƙararsa. Kirarin mai sayarwa ba ya shiga lissafinsa, domin ya san gani ya kori ji. Abin da ya rage shi ne ya kai wannan hali ga labarin Dala da hannun jari, inda hajar ba ta taɓuwa da hannu, kirarin kuma da murya mai kwarjini yake zuwa. Manomin da ya taɓa korar zabi a gona ya san cewa gwauronsu yakan tashi ne da ƙarfi da hayaniya, ya yi ɗan nisa, sa'an nan ya sauka, wani lokaci a kan bishiya, wani lokaci a ƙasa. Karin maganar ta ɗauki tashin ta bar saukar, kuma ba ta faɗi inda zai sauka ko yaushe ba. Wannan sashe da aka bari shi ne mai jari zai nema da kansa, a cikin rahoton Babban Banki, da lissafin ribar kamfani, da littafin shagonsa, kafin ya sa hannu a aljihu.